Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Rigar Kariya da Darasin Kogin Kwara

Dangin mahaifiyata mutanen Kurgu ne, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, can inda ƙasarmu ke haɗa kafaɗa da Jamhuriyar Benin. Ni kuwa a birni na tashi, kuma har yau da na ba shekara talatin baya ban iya ruwa ba. Idan na je gida 'yan'uwa kan tsokane ni da cewa ko a ƙwarya aka zuba ruwa sai na nemi mai fito. Ba na musu da su, domin ba su yi ƙarya ba.

A ƙarshen daminar 2023 aiki ya kai ni yankin. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, fatauci da zirga-zirgar jama'a suka koma bisa ruwa, ni kuma na je in ga yadda abin yake ta ɓangarenmu. Kafin in bar birni na yi abin da na ɗauka wayo ne: na shiga kasuwa na sayi rigar kariya daga nutsewa. Ruwan lemo ce mai ɗaukar ido, da usur a rataye, da rubutun Turanci a ƙirji. Kuɗinta bai kai na kaji biyu ba. Na cusa ta a jaka ina jin na gama da maganar ruwa.

A mashigin da na hau, jirage iri biyu ne. Akwai manyan kwale-kwalen katako masu ɗaukar buhuna da babura da awaki da mutane gaba ɗaya, suna tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya. Akwai kuma ƙaramin jirgi mai babban inji a baya, wanda ke keta ruwa hancinsa a sama, ga mai gaggawar da zai iya biyan kuɗin fito ninki biyu. Da yake ina so in dawo kafin la'asar, sai na zaɓi na biyun. Mu takwas ne a ciki, ni kaɗai ke da riga. Wani saurayi ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, kai har ka shirya ma haɗarin ke nan?" Aka yi dariya. Wata dattijuwa ba ta yi dariyar ba, ta ce, "Ɗana, ka bar jawo muna abin da Allah bai kawo ba."

Ba mu yi minti ashirin ba ƙasan jirgin ya goga wani kututture da ambaliya ta kawo. Jirgin bai kife ba, amma ya yi turjiya ta ƙiftawar ido, mu kuwa jikinmu bai tsaya ba. Na tashi sama na daki bencin gabana da ƙirji. Da na dawo hayyacina ba na ganin komai sai ruwan lemo: rigar ta haye har ta rufe mini fuska, igiyarta guda ɗaya ta ɓalle daga ɗinki.

Da muka isa gaɓa, mai jirgin, wani dattijo mai furfura, ya sa yatsu ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga. Ta fita ta kaina kamar hula. "Malam," in ji shi, "wagga riga, da ka faɗa ruwa, ita za ta tsira, kai ka tafi."

Da daddare a Kurgu na ba kawuna labari. Bai ce uffan ba. Ya sa aka cika babban baho da ruwa, ya danna rigar ciki, ya ɗora mata dutsen niƙa. Da safe muka ɗauke dutsen, ta taso da ƙyar, da na ciro ta kuwa ta yi nauyi, ruwa na tsiyaya daga kowace kusurwa. Muka farke ɗinkin da reza. Guntayen soson katifa ne a ciki.

Tun daga ranar na shiga neman sanin mece ce rigar kariya ta gaskiya, yaya ake gane ta, kuma me ke sauyawa idan jirgin mai gudu ne. Abin da na fahimta shi ne na kawo muku yau.

Kogin da muke hawa

Kogin Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, yakan raba Nijar da Benin na ɗan wani nisa, sannan ya shigo Najeriya ta wannan kusurwa ta Kebbi. Yakan cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan daminarmu ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka da ƙarfi, mai ɗauko itatuwa. Ta biyu kuwa ruwan da aka yi ne can a tsaunukan Gini, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu. Ga mutanen Lolo da Illo da ƙauyukan gaɓa, Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa, kogin nan shi ne titi, shi ne hanyar gona, shi ne hanyar kasuwa da biki.

A tsakiyar Satumban 2017 wani jirgi ya taso daga Gaya da 'yan kasuwa, ya kife a kusa da Lolo. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce jirgin na mutum 70 ne amma ya ɗauko kimanin 150 da kayansu. An ceto 84, an tsamo gawa aƙalla 33. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum fiye da 150, ya rabe a tsakiyar ruwa, kusan mutum 20 kacal aka samu da rai. A farkon Janairun 2023 na manoma ya karye a Samanaji ta Koko-Besse. A Yunin wannan shekarar, fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki da dare suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara. Ranar 1 ga Oktoban 2024 sai ga na masu Mauludi a Gbajibo ta Mokwa.

Mu 'yan jarida mun haddace yadda ake rubuta irin wannan labari. Lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, tafiyar dare ce, an daki kututture, shugabanni sun yi ta'aziyya. A sakin layi na ƙarshe mukan ƙara da cewa babu wanda ke sanye da rigar kariya. Na sha rubuta wannan jimla da hannuna, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wace iri ce rigar da nake nufi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce kan gaba.

Abin da riga ke yi

Tambayar farko da kawuna ya yi mini ita ce, yaya 'yar riga da ba ta kai nauyin mudun gero ba za ta ɗauki ƙato mai kilo 80? Amsar ita ce ba ɗaukarsa take yi ba. Ruwa ne ke ɗaukarsa. Duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan na tura shi sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da ya ture. Da yake mafi yawan jikin ɗan Adam ruwa ne, ga kitse da iskar huhu, kusan dukan nauyinsa ruwan ke ɗauke masa. Abin da ke saura 'yan kilo ne kaɗan, mafi yawansu nauyin kai ne da ake so ya tsaya a sama. Wannan ɗan giɓi riga ke cikewa.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Duk wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta a Matan Fada kwance bisa manyan goruna, homa a hannu. Gora iska ce da aka kulle cikin ɓawo, kuma rigar kariya ba ta wuce haka ba. Bambancin shi ne gora sai ka riƙe ta, riga kuwa ita ke riƙe ka, ko da hannunka ya mutu, ko da ka suma.

Akwai wani abin da ya ba ni mamaki a tarihinta. A 1854 wani jami'in ƙungiyar ceton masu jiragen ruwa ta Ingila, Kyaftin Ward, ya ƙera riga da ɓawon wani itace marar nauyi. A farkon ƙarni na 20 aka koma cusa audugar rimi, wannan dai rimin namu da ya yi wa Zariya ado, saboda zarenta rami ne da shi a ciki kuma ruwa ba ya saurin kama shi. Da ita sojojin ruwa da yawa suka yi Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya aka samo soson roba na musamman, wanda kowane ƙwayar iska a cikinsa a kulle take, ba ta haɗuwa da 'yar'uwarta. Soson katifa kuwa ƙofofinsa a buɗe suke, shi ya sa yake shan ruwa. A ido duk soso ne. A cikin kogi ɗaya zai riƙe ka kwana guda, ɗaya kuma zai bar ka cikin mintuna.

Wannan ha'inci ba a kasuwarmu ya fara ba. A farkon 2016 'yan sandan Turkiyya sun kai samame wani wurin ɗinki a Izmir, suka kama fiye da riga 1,000 na jabu da ake sayar wa 'yan gudun hijira masu ƙetara teku zuwa Girka.

Lambobi huɗu

Rigar gaskiya tana ɗauke da tambari a ciki, a buge ba a liƙe ba, mai nuna ƙarfin ɗagawarta da nauyin mutumin da aka yi ta dominsa. Ƙa'idar duniya da aka fi bi ita ce ISO 12402, kuma ta kasa riguna huɗu bisa ma'aunin ƙarfi da ake kira niyuton. A sauƙaƙe, niyuton 10 daidai yake da ɗaga kilo 1.

Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya ruwa kuma yake kusa da gaɓa ko kusa da masu ceto. Ba ta juya wanda ya suma. Mai lamba 100 an yi ta don ruwa mai ɗan kwanciya irin na kogi da tafki, tana da abin wuya mai tallafe kai. Mai lamba 150 ta teku ce da ruwa mai igiya, ita ce ake sa ran ta juya sumamme ya koma rigingine fuskarsa a sama. Mai lamba 275 ta ma'aikatan da ke sanye da kaya masu nauyi ce, irin na rijiyoyin man fetur a teku.

Akwai kuma rigunan manyan jiragen ruwa, masu tambarin SOLAS, yarjejeniyar da aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912. Sharuɗɗanta sun cancanci a sani, domin su ne ma'aunin da za a ɗora kowace riga a kai: a iya sanya ta cikin minti 1, mai ita ya iya dirowa ruwa daga tsayin mita 4.5 ba ta fita ba kuma ba ta ji masa rauni ba, sannan idan ta kwana ɗaya a nutse kada ƙarfinta ya ragu da fiye da kashi 5 cikin 100. Ashe kawuna da bahonsa da dutsen niƙansa, gwajin ƙasa da ƙasa ya yi wa rigata.

Idan jirgin mai gudu ne

A kwale-kwale mai tafiyar hankali, mutum yakan zame cikin ruwa ne ko jirgin ya nutse da shi. Yana da 'yan daƙiƙu na ihu da laluben abin kamawa. A jirgi mai gudu wurgi ake yi da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu yakan ninka sau huɗu. Wanda aka jefa daga jirgi mai gudun kilomita 30 a awa, saurin da zai daki ruwa da shi ya yi daidai da na wanda ya faɗo daga tsayin mita uku da rabi. A gudun kilomita 60 kuwa tsayin ya zama mita 14, wato kamar bene mai hawa huɗu. A irin wannan sauri ruwa ba ya samun zarafin buɗewa. Yakan fizge duk abin da bai ɗauru ba a jiki, ya fitar da iskar ƙirji, wani lokaci ya sumar da mutum nan take, balle in kansa ya daki gefen jirgi ko benci kafin ya fita. Mukan ce iya ruwa fidda kai, amma sumamme bai iya komai ba, ko da a gidan Sarkin Ruwa aka haife shi.

Daga nan sharuɗɗa uku suka fito.

Na farko, rigar ta zama mai ɗagawa da kanta, ba mai jiran a hura ta ba. Akwai riguna na zamani marasa nauyi, masu kama da gyale a wuya, da ƙaramar tukunyar iskar gas a ciki, galibi mai giram 33, wadda ke kumbura rigar idan an ja igiya ko idan ruwa ya taɓa wani maɓalli. Suna da daɗin sawa a zafinmu, kuma su ne masu kuɗi ke sha'awa. Sai dai mai igiyar tana bukatar mutum yana cikin hayyacinsa. Mai kumbura da kanta kuma tana bukatar a riƙa duba ta, a sauya tukunyar duk lokacin da ta tashi, kuma ba kaya ne da za ka samu a kasuwar Kaoje ko Tsamiya ba. Ƙugiyar masunci ko ƙusar benci na iya huda ta. Ko a Amurka hukumar tsaron gaɓar teku ba ta amince da ita ga wanda bai kai shekara 16 ba, kuma ba a ba da shawararta ga wanda bai iya ruwa ba ko ga wasannin gudu a ruwa.

Na biyu, ta kama jiki kamar fata. Irin rigar nan mai tubalan soso biyu a ƙirji da igiya ɗaya a kugu, wadda aka fi rabawa kyauta, tana da amfani a jirgi mai tafiyar hankali idan an ɗaure ta tamau. A jirgin gudu ana son mai zagaye ƙirji da baya gaba ɗaya, mai zif, da maɗauri uku ko huɗu masu faɗi, waɗanda suka zagaye rigar ba waɗanda aka ɗinka a gefenta kawai ba.

Na uku, ta kasance da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Mutanenmu sun fi ƙin wannan, don suna ganinsa kamar ƙasƙanci. Amma a cikin ruwa riga sama take so, jiki kuma ƙasa, kuma in babu abin da ya haɗa su ta ƙasa sai ta haye wuya kamar yadda tawa ta yi.

A nan akwai zaɓi mai wuya da ya kamata a faɗa a fili. Rigunan da suka fi kama jiki, irin na masu tseren babur ɗin ruwa, yawanci masu lamba 50 ne, ba sa juya sumamme. Waɗanda suka fi juya mutum kuma sukan yi girma da sako-sako. Ga fasinja irina da bai iya ruwa ba, a kogi mai faɗi da babu jirgin ceto a kusa, abin da na tsaya a kai shi ne rigar soso mai lamba 100 ko sama, mai abin wuya, mai zif da maɗaurai da na tsakanin cinyoyi, mai launi mai haske da ƙyalle mai walƙiya a hasken tocila. Shi kuwa matuƙin jirgin gudu yana da ƙarin wajibi: igiyar nan da ke kashe inji idan ya faɗi ta kasance a ɗaure a jikinsa, domin jirgin da babu matuƙi yakan yi ta kewaye, farfelarsa na bi ta kan waɗanda ke cikin ruwa.

Gwaji kafin biya

Sanya ta, ka ɗaure komai daga ƙasa zuwa sama, ka ɗaga hannuwa, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama da ƙarfi. In ta taɓo kunnuwanka ko haɓarka ta shige ciki, ta yi maka yawa. Matsa soson da yatsa: na gaskiya yana da tauri, yakan dawo a hankali, ba ya fitar da iska kamar matashi. Ja kowane maɗauri kamar mai son tsinke shi. Idan ka kai gida ka jiƙa ta kwana ɗaya. In ta wuce wannan, ka shiga da ita ruwa mai zurfin ƙirji, tare da wanda ya iya ruwa, ka saki jiki ka ga ko bakinka na sama.

Kada a zauna a kanta a jirgi, domin soson da aka danne ba ya komawa yadda yake. Kada a bar ta a rana ko kusa da fetur. Kuma rigar da ke ƙarƙashin benci ba ta da bambanci da wadda ke shago. Haɗari ba ya ba da minti ɗayan da ake bukata.

Goyo, hijabi da babbar riga

Waɗanda suka tsara waɗannan riguna ba su da fasinjojinmu a zuciya. Rigar kariya a saman dukan tufafi ake sa ta, ba a ƙarƙashi ba. Babbar riga da dogon hijabi sukan nannaɗe hannu da ƙafa, su rufe fuska, su saƙale a ƙusa. Namiji ya cire babbar rigarsa ya naɗe. Mace ta tattara hijabinta ta ɗora rigar a kansa ta ɗaure, suturarta ba ta ragu da komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne goyo. Aikin rigar kirki shi ne ta kwantar da mutum rigingine. Uwar da ta sa riga alhali jaririnta na goye a bayanta, rigar da za ta cece ta ita ce za ta danna ɗanta ƙarƙashin ruwa. Dole a sauke goyo kafin jirgi ya tashi, a riƙe yaro a gaba, kuma ya samu tasa rigar daidai nauyinsa, mai abin wuya da maɗaurin ƙasa da hannun kamawa a ƙeya. Rigar babba a jikin yaro buhu ce, zai zame ta ƙasa. Duk wanda ya bi labaran haɗurran nan ya san mata da yara ne suka fi yawa cikin mamatan, kamar 'yan matan Dandeji a ƙaramar hukumar Shagari ta Sakkwato da suka tafi itace a Mayun 2023.

Wa zai saya, wa zai sa?

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta daɗe da hana tafiyar dare da hawa jirgi ba riga. A 2023 aka ƙirƙiro ma'aikatar tarayya ta harkokin teku, kuma a 2025 ministanta Adegboyega Oyetola ya ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12. Abin a yaba ne. Amma wanda ya taɓa ganin mashigi ɗaya a ranar kasuwa ya san riga 3,500 ga jiha guda cokali ne a tafki. Ga kuma tambayoyin da ba a cika yi ba a wurin bikin rabo: nawa ne na yara a ciki, wa zai adana su, wa zai sauya su idan rana ta cinye su?

A ganina riga kayan jirgi ce, kamar inji da filafili. Fasinjan da ke hawa sau ɗaya a mako ba zai saya ba, amma mai jirgi da ƙungiyar masu fito za su iya, in an ƙara ɗan abu kaɗan a kuɗin fito. Akwai wata fa'idar da ta fi ceto ma: idan jirgin mutum 70 yana da riga 70, kuma ba a hawa sai da riga, to mutum na 71 zai jira sahu na gaba. Riga ta zama tikiti, ta magance lodin da shi ne uwar matsalar. Wanda zai iya tsayar da wannan doka a kullum ba jami'in da ke zuwa daga Birnin Kebbi sau ɗaya a wata ba ne. Sarkin Ruwa ne da hakimi da limami, waɗanda ake jin kunyar idonsu.

Sauran maganar dattijuwar nan da ta ce kada in jawo musu abin da Allah bai kawo ba. Ban raina ta ba, domin a bakin mutanen da na fi girmamawa na saba jin irinta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne. Amma malamanmu sun karantar da mu labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Manomin Bagudo da ya yi imani arziki na Allah ne bai fasa yi wa shinkafarsa shinge ba. Ban taɓa jin an ce wanda ya kulle shagonsa ya kira ɓarawo ba.

Da zan koma Kurgu bayan Babbar Sallah, na tafi da riguna huɗu, biyu na manya biyu na yara. Na sha wuya kafin in same su, kuma kuɗinsu ya ci rabin abin da nake samu a wata. Kawu ya sake sa aka cika baho, ya ɗora dutsen niƙa a kan kowace, dare ɗaya ɗaya. Duk safiya da an ɗauke dutsen sai rigar ta yi tsalle ta fito. A rana ta huɗu ya juya ta ƙarshen a hannunsa, ya ja maɗauran, ya ce, "To, wannan gorar ta fafu." Ya rataye su a ƙusa a zaure, inda duk mai fita zai gani, ya ce duk wanda zai bi ruwa daga gidan nan ya ɗauka, in ya dawo ya mayar.

Matarsa ce ta fara ɗauka, ranar da za ta je suna a ƙetare da jikarta. An yi mata dariya a mashigi, in ji ta, irin wadda aka yi mini. Ta ce musu su yi ta yi, ita dai ta sauke goyonta.